Damanar da Na Gaji Ma'aunin Babanku

Ƴaƴana, na sha jin kuna ba juna labarin damanar da babanku ya rasu, kowa da yadda yake faɗa. Wani ya ce na ƙi na'urar da Ɗanjuma ya kawo don taurin kai, wata ta ce na fifita mazubin roba a kan ɗiyata. Ban taɓa tanka muku ba, domin in hira ta yi daɗi a tsakar gida ba a jiran tsohuwa ta gama magana. Yanzu da nake zaune ni kaɗai, kuma idona yana ganin layi, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance.

Babanku ya yi aikinsa a ma'aikatar noma, yana yawon ƙauyukan Kurfai a kan babur har bayansa ya gaji. Da ya ajiye aiki, abin da ya fi ɗauka da muhimmanci cikin kayan da ya dawo da su gida shi ne ma'aunin ruwan sama. Kun san shi, mazubin nan na roba mai haske, baki da faɗi, gindi a tsuke, da layuka da lambobi a jikinsa. Ya kafa masa ƙarfe a tsakiyar gida, nesa da iccen dogon yaro, nesa da indararo, don kada wani ruwa ya shiga sai wanda ya sauko kai tsaye daga sama. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, in gari ya yi haske, sai ya fita ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, ya karanta, ya zubar, ya rubuta. Kafin ya miƙe maƙwabta sun taru a zaure suna tambayar nawa aka samu. Yana da ƙa'ida guda da bai taɓa sauyawa ba: ruwan fari in bai kai milimita ashirin ba, kada kowa ya fito da iri, domin hatsi zai tsiro ya iske ƙasa ta bushe a ƙarƙashinsa. Ni kuwa, duk shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, har garin nan ya manta sunana ya koma ce mini Madam, ban taɓa taɓa ma'aunin nan ba sai dai in kore masa awaki.

Ya rasu cikin bazara, da zafin nan mai hana numfashi. Da baƙi suka watse, gidan ya rage daga ni sai Gwaggonku Tani, yayar babanku, wadda ta dawo wurinmu tun da mijinta ya rasu. Tana zaune a tsohon ɗakin ƙasa na bayan gida, wanda kakanku ya gina da hannunsa. Mun yi da ita ta komo ɗakin siminti ta ƙi, ta ce kwano yana dafa mutum da ransa. Ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, amma bakinta garau yake. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan take ce mini Amarya, kuma har na yi furfura ba ta sauya ba.

Kafin ku koma Yamai kun zauna da ni a ɗaki, ku duka. Ɗanjuma ne ya yi magana, a matsayinsa na babba. Ya ce in na fita takaba sai in tattara in koma wurinku, hanyar nan ba ta da kwanciyar hankali kamar da, ba zai yiwu ku riƙa kwana da fargaba ba. Hadiza tana gefe da cikinta na fari, tana ɗaga kai. Maganarku gaskiya ce, ban da abin musu. Amma da na buɗe baki, abin da ya fito ni kaina ban shirya shi ba.

Na ce, "To wa zai duba ma'aunin?"

Kuka dubi juna. Ɗanjuma ya sunkuyar da kai kamar yadda babanku yake yi in yana lissafin wani abu a ransa.

Ana dab da faɗuwar damana sai ga shi ya sauka daga mota da kwali a hannu. Ya buɗe a tsakar gida ya fito da wani farin abu kamar ƙaramar tukunya. Ya cire murfin ya nuna mini cikinsa. Wasu ƴan cokula biyu ne a kan tsinke ɗaya, in ruwa ya cika ɗaya sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya taso ya tara. Duk rinjayar da suka yi na'urar tana ƙirgawa, ta aika wa wani ɗan akwati mai gilashi da za a ajiye a ɗaki, daga nan kuma labari ya wuce har cikin telefon ɗinsa. Ya ɗaure tukunyar a kan wani dogon icce da ke riƙe da zanar tsakar gida, can sama inda akuya ba za ta kai ba.

Ya ce, "Inna, wannan ba ya barci, ba ya mantuwa, ba sai an zubar masa da ruwa ba. Ko kina Yamai za mu san abin da aka samu a Filinge."

Na gane abin da yake nufi. Igiyar da na ce ta ɗaure ni ita ya zo kwancewa, kuma da ƙauna ya zo. Ban ji haushi ba, ku daina cewa na ji haushi.

Na ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma na babanka ka bar shi inda yake."

Gwaggo tana kan tabarma tana kallonmu da ido ɗaya a kanne. Ta ce, "Shi wannan farin, wa yake kai ma labari?"

Ɗanjuma ya ɗaga murya don ta ji, ya ce, "Yamai, Gwaggo."

Ta ce, "Ashe ɗan gulma ka kawo muna."

Ruwan fari ya zo da la'asar. Kafin shi aka yi iska irin wadda ke tasowa daga gabas ja wur, ta rufe rana, ta kwashe kwanonin da aka bari a waje. Zanarmu ta yi ta rawa kamar za ta tashi. Ruwan da ya biyo baya bai daɗe ba. Da gari ya waye na fita da mayafin takaba, na tsaya gaban ƙarfen nan na daɗe. Sa'an nan na dafa gwiwa na tsuguna a daidai inda yake tsugunawa, ƙasar wurin har ta yi ɗan kwari saboda ƙafafunsa. Sai da na share ido da bakin mayafi kafin layukan suka tsaya wuri ɗaya. Ruwan bai kai goma ba. Na koma ɗaki na dubi ɗan akwatin, na ga ya rubuta talatin da ɗoriya.

Ban gama mamaki ba na ji sallamar Mamman a zaure, ƙanin babanku, wanda gonar gidanmu ta kwari take hannunsa. Tun da nake takaba ba ya shigowa, daga bayan zana muke magana.

Ya ce, "Madam, Ɗanjuma ya kira ni tun da sassafe, ya ce an samu talatin da wani abu. Ke mi kika gani?"

Na ce, "Bai kai goma ba, Mamman."

Can ya ce, "Ko iska ta zubar da shi?"

"A tsaye na iske shi."

"Ko dai ba ki duba daidai ba? Kin san yau ne farkonki."

Maganar ta shige ni, domin ni ma ina tambayar kaina haka. Mace ce ni mai sabon rashi, idona kullum da ruwa, ga na'ura sabuwa fil daga kwali tana faɗin wani abu dabam. Na ce masa abin da na gani ke nan, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, sauran kuma shi ne mai gona. Ina jin ƙarar amalanke a waje, mutane suna wucewa da sungumi a kafaɗa, domin wanda ya shekara yana jiran hadari ba ya son a ce masa ya ƙara jira. Mamman ya tsaya tsakanin maganar ɗan wansa da maganar matar wansa, ba ya son ya ɓata wa kowa. A ƙarshe ya raba irin biyu, ya shibka rabin gonar, ya mayar da sauran cikin rumbu.

Wallahi na yi ta roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskure. Amma sama ta washe, rana ta dawo da ƙarfinta. Hatsin ya leƙo kore shar, ya yi ƴan kwanaki, ya kwanta ya ƙone. Ba mu kaɗai ba ne, gonaki da yawa haka suka yi a shekarar, har da na waɗanda ba su taɓa jin labarin wata na'ura ba. Sai dai namu ya fi yi mini ciwo, don irin nan babanku ne ya zaɓe shi zangarniya zangarniya a kakarsa ta ƙarshe.

Ɗanjuma bai jira an kira shi ba, ya biyo motar Asabar. Ko ruwa bai sha ba ya wuce wurin iccen. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce in riƙe ɗan akwatin in tsaya a bakin ƙofa. Ya kama iccen da hannu biyu ya girgiza. Sama ba ko gajimare, amma ina kallo lambobi suna hawa a hannuna. Ashe iskar ranar nan ce ta yi ta kaɗa cokulan, na'urar kuma tana ƙirga kowace kaɗawa a matsayin ruwa. Ya saki iccen ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Ni na ɗaure shi a kan abin da ke rawa. Ni kuma na kira Baba Mamman. Bari in kwance shi in tafi da shi, Inna."

Na ce, "Ba inda za shi. Kai ma ranar da aka fara kai ka lakwal kuka ka yi ta yi har aka tashi, ban ce a maido ka gida ba. Ka nema masa wurin zama na kirki."

Ya yi dariya da jan ido. Da maraice ya tafi gidan Mamman ya ba shi hanƙuri, ya kuma gaya masa cewa a hanyarsa ta zuwa ya tsaya garin Balleyara ya sayo masa buhun iri, buhun yana tasha. Mamman ya ce iri ya karɓa, hanƙuri kuwa babu abin bayarwa, shi ya ɗauki sungumi da hannunsa. Washegari Ɗanjuma ya kwaɓa siminti da kansa, ya gina ɗan gajeren ginshiƙi kusa da ƙarfen babanku, ya daidaita shi har ya gamsu, ya ɗora na'urar ya ɗaure tam, ya kewaye su biyun da waya saboda awaki. Ya koya mini yadda zan buɗe in cire ganye da yanar gizo da ginin zanzaro, da yadda zan sauya pil, wato batir. Ranar na ga babanku a hannuwansa.

Ruwan shibka na gaskiya ya zo bayan haka, kuma da na duba, su biyun bakinsu ɗaya, sun haura ashirin. Mamman ya shibka gonar duka. Daga nan na shiga wani sabon zama da ban taɓa zato ba. Duk safiyar ruwa sai in tsuguna in karanta na hannu, in zubar, in dawo in dubi na ɗaki, in rubuta su gefe da gefe. Na fara sanin halinsu kamar yadda ake sanin halin yara biyu a aji. In yayyafi aka yi da rana ban fita da wuri ba, rana takan sha kaɗan daga na hannu. In kuwa ruwa ya zuba da ƙarfi, cokulan nan ba sa iya bin sa sosai, sai na'urar ta ɗan rage. Bambancin ba shi da yawa, amma yana nan. Mata suka fara shigowa gaisuwa suna tambaya don su kai wa mazansu. Daga baya mazan da kansu suka dawo zaure kamar da. Har Bello, Bafillacen da ke kiwo wajen Sanam, wanda ya saba kiran babanku ya ji inda ciyawa za ta fara fitowa, ya ci gaba da kiran lambar, ni nake ɗauka.

Sukan ce daga bayan zana, "Madam, nawa ta ba mu?"

In ce, "Na wanne kuke so?"

Su ce, "Na Malam."

Kullum na Malam suke so, wato na babanku, domin shi ruwan yana nan a ciki, wanda ya yi shakka yana iya aiko matarsa ta gani da idonta. Ba zan iya gaya muku abin da tambayar nan ta yi mini ba. Takaba doguwa ce. Mace tana tashi da safe ba ta san dalilin da zai sa ta wanke fuska ba. Ni kuwa Allah ya ba ni dalili a tsakar gidana.

Cikin watan Agusta, ruwa ya zauna sosai, masassara ta kayar da ni. An kawo mini magani daga likita, amma na yi kwanaki ko tsakar gida ba na iya tsallakawa. Na hannu ya cika, ba mai karantawa, ba mai zubarwa, don Gwaggo ba ta ganin layukan. Ɗan akwatin nan kuwa yana kan tebur kusa da gadona yana ta aikinsa, bai san ina ciwo ba. A makon an yi ruwa a jere, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Ran nan da hantsi wani ruwan ya sauko, ba iska, ba tsawa, a miƙe kawai kamar ana juye randa. Ƙarar kwano ta cika ɗakin, na rufe ido ina jin kaina yana sarawa. Da na juya na buɗe ido sai suka faɗa kan gilashin. Na ga arba'in. Na ɗan lumshe ido, na sake dubawa, ya wuce hamsin, kuma lambar ba ta tsaya ba, tana sauyawa ina kallo. Duk damanar ban taɓa ganin ta yi gudu haka ba.

Sai na tuna wata magana da babanku ya taɓa yi shekarun baya, yana tsaye yana duban katangar baya. Ya ce in ruwa ya kai wajen sittin a kan ƙasar da ta riga ta sha, duk ruwan lungunmu bayan tsohon ɗakin nan yake taruwa, don can ne gangare. Daga ƙofata ba a ganin bayan ɗakin. Gwaggo kuma tana ciki, kuma na san ko katanga tana kuka ba za ta ji ba. Ina cikin wannan tunani telefon ya yi ƙara.

Ɗanjuma ne. Ya ce, "Inna, kina ganin abin da nake gani? Gwaggo tana ina?"

Kafin in ba shi amsa rezo ya ɗauke, layin ya yanke.

Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na sauko daga gado ƙafafuna suka ƙi ni, na dafa bango na miƙe. Tsakar gida ta zama tafki, ruwa har ƙwauri, sanyinsa yana shiga ƙashina. Na tura ƙyauren ɗakinta na iske ta zaune a kan gado da tasbaha, hankalinta kwance. Na dubi gindin bangon baya, ya yi baƙi ƙirin, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa yana bin daɓe.

Na sa baki a kunnenta na ce, "Yaya, tashi mu fita. Bangon nan ya sha ruwa."

Ta ce, "Ɗakin ubana ya ga ruwan da ya fi wannan. Koma ki kwanta, jikinki kamar garwashi."

Na ce, "Don girman Allah ki tashi."

Ta kau da kai ta ci gaba da jan tasbaha. Na san halinta, ba a ja da ita. Sai kawai na zauna a ƙasa cikin ruwan, na jingina da bangon nan mai tsattsafo.

Na ce, "To shi ke nan. In ba ki fita, nan zan zauna. In ya faɗo ya same mu tare, sai ki yi wa ƙaninki bayani in kun gamu."

Ta zaro ido ta ce, "Amarya, kin haukace?"

Ta sauko tana faɗa, tana cewa ba ta taɓa ganin mace mai kafiya irina ba. Ita ta kama hannuna ta ɗaga ni, ba ni na ɗaga ta ba. Muka ratsa ruwan muna riƙe da juna, tsohuwa da majinyaciya, kowace tana zaton ita ce ke tallafar ɗaya. Muna isa ƙofar ɗakina sai ga Mamman ya faɗo gidan a guje ba ko sallama, jiƙe sharkaf, ashe da rezo ya dawo shi Ɗanjuma ya samu. Ya shigar da mu, ya lulluɓe mu da bargo. Bai gama tambayar lafiyarmu ba muka ji wani nishi daga bayan gida, kamar raƙumi ya durƙusa da kaya. Mamman ya leƙa ya dawo yana salati. Bangon baya ya zauna, azara da ƙasar rufi sun sauko a kan gadon da take zaune.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ɗan akwatin a kan tebur, lambar tana ta hawa.

Can ta ce, "Ɗan gulman nan ne ya faɗa?"

Na ce, "Shi ne, Yaya. Ya faɗa mini, ya faɗa wa Ɗanjuma."

Ta ce, "To Allah ya shi albarka. Wannan gulmar ta alheri ce."

Ku lura da wannan, ku da kuke cewa na raina na'urar. Da na babanku kaɗai gare ni, da sai ruwa ya ɗauke zan fita in san abin da ya sauka, lokacin kuwa an gama. Shi na hannu yana faɗa maka abin da ya riga ya faru, kuma ba ya ƙarya, sai dai yana bukatar mutum mai ƙafa da ido. Na Ɗanjuma yana faɗa maka abin da ke faruwa yanzu, ko kana kwance, amma sai ka zaunar da shi daidai, ka share shi, ka kuma sami abin da za ka gwada maganarsa da shi. Ban taɓa zaɓar ɗaya na bar ɗaya ba. Wanda ya ba ni dalilin tashi da safe da wanda ya fitar mini da Gwaggo daga ɗaki, wanne zan raina?

Saura maganar da ta fi nauyi, wadda ta shafe ki, Hadiza. Na fita takaba ba da daɗewa ba bayan faɗuwar ɗakin, ke kuma watanki ya kama. Bisa al'ada gida za ki zo ki haihu a gabana, amma likita ya ce ki zauna kusa da su, ga kuma halin hanya. Saboda haka ni ake jira in zo. A lokacin kuwa, sanyin ruwan nan ya kama ƙirjin Gwaggo, tana tari, ta kuma rantse ba mai sa ta cikin mota, a garin ubanta za ta mutu. Matar Mamman tana da nata tsofaffin. Na auna ta kowace fuska na kira ki.

Na ce, "Ɗiyata, ba zan samu zuwa yanzu ba. Sai an yi girbi."

Kika ce, "Inna, kowace mace uwarta ke zaunar mata jego."

Na ce, "Na sani."

Kika ce, "To ruwan sama ya fi ni ke nan?"

Ban ba ki amsa mai kyau ba a ranar. Ga amsar yanzu. Ba ruwa ba ne ya fi ki. Ke kina da miji, da uwar miji mai kirki, da likita a kusa. Gwaggo ba ta da kowa sai ni, kuma ita ce ta karɓe ki a hannunta ranar da kika zo duniya. Amma ba zan ɓoye miki sauran ba. A damanar nan na gane cewa in na koma Yamai zan zama tsohuwar da ake ba ɗaki da fanka ana gaishe ta da safe, a nan kuwa akwai masu tsayawa a ƙofata don suna bukatar abin da zan faɗa. Na zaɓi in zauna, kuma na san ke kika biya. Uwar mijinki ce ta dafa miki ruwan wanka, ita ta fara yi wa jikata wanka. Ranar suna ina nan Filinge ina jin guɗa ta telefon. Da na zo Yamai bayan an ɗaure dammunan hatsi, yarinya har ta fara murmushi, kika karɓe ni da ladabi, kika kawo mini ruwa da hannu biyu, amma ba ki dubi idona ba. Na kwana biyu ina jiran kallon nan ban samu ba, na koma gida da shi a raina.

Ban roƙe ki ba, ke ma ba ki ce kin yafe ba. Sai dai da damana ta zagayo kika zo da kanki, da goyo, kika yi mana wata guda. Kika zauna gaban Gwaggo kina ba ta fura a baki, ta ɗora hannu a kan ɗiyarki ta yi mata addu'a mai tsawo. Da kika fito daga wurinta kika same ni a madafa, kika karɓi muciya daga hannuna, kika ce in je in huta. A nan kika dube ni. Na gode miki da wannan, ban taɓa faɗa miki ba.

Gwaggo ta ƙara damana biyu a duniya. A ɗakin siminti ta ƙarasa, tana ƙorafin zafin kwano har ranar ƙarshe, kuma a hannuna ta cika, da kalmar shahada a bakinta. Gonar kwari ta ba da hatsi a shekarar nan duk da shibka biyu, Mamman ya aiko mini da dami na fari kamar yadda yake aiko wa wansa. Ɗanjuma bai sake yi mini maganar komawa Yamai ba, sai dai duk zuwan da zai yi da pil a aljihunsa. Idan na waiwaya, shekarar da na ɗauka ita ce mafi duhu a rayuwata, ita ce wadda aka fi riƙe ni a cikinta, ta ko'ina, har daga inda ban zata ba. Alhamdu lillahi.

Gwiwoyina yanzu sun fara ƙin tsuguno, Mamman ya yi mini ƴar kujera da nake ajiyewa gaban ƙarfen. In Allah ya karɓi abinsa, ga wasiyyata a kan su biyun. Na'urar ku bar wa Ɗanjuma ya yi yadda ya ga dama da ita, shi ya san cikinta. Na babanku kuwa, kada wani ya ɗauke shi don tunawa ya kai shi Yamai ya ajiye a kan tebur yana share masa ƙura. Ba kayan ado ba ne. Ku duba cikin unguwar nan, namiji ko mace, danginmu ko ba danginmu ba, ku ba wanda zai kwana a Filinge ya tashi a Filinge.